Muryar Mai Amshi

Shekara goma sha tara ina tuƙa bas a hanya ɗaya, daga bakin kasuwa zuwa asibiti, kuma ban taɓa barin fasinja ya zaɓar mini abin da zan saurara ba. Wanda bai so ba, ƙofa a buɗe take.

Faifan nan tsintarsa na yi a shagon mai gyaran rediyo. Waƙoƙi takwas ne na wata mawaƙiya, an ɗauke su shekara arba'in da suka wuce, aka jefar a lungu, sai bana wani kamfani ya tono su ya sake fitarwa. Murya ce siririya mai zaƙi, da wani yaro yana yi mata amshi. Tun da matata ta rasu ban ji abin da ya sanyaya mini zuciya kamarsa ba. Har zagin masu babur na rage, kuma wanda ya san ni ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wata Talata da hantsi wata tsohuwa ta shigo da katin asibiti a hannu, ta zauna a bayana. Waƙa ta biyu ba ta kai rabi ba ta taɓa mini kafaɗa.

"Direba, faifan nan naka ya yi gudu."

"Iya, haka aka yi shi."

"Ba haka aka yi shi ba. Ni na yi shi."

Na ce a raina tsufa ne. Sai ta rera baitin da ke gaba kafin ya iso, ta kuma ce in saurara, yanzu mai ganga zai yi tari. Ya kuwa yi. Saura kaɗan in hau kan mai lemo.

A ƙofar asibiti na kashe mota, ta yi mini bayani. Ranar da aka ɗauki waƙoƙin wuta ta yi rauni, na'urar ta riƙa juyawa a hankali. Duk wanda ya kunna kaset ɗin a gudun da aka saba, muryoyi sai su tsuke su yi sama. Abin da ya sa aka ajiye shi ke nan tun farko.

"Ni tawa ba ta dame ni ba," in ji ta. "Amma wanda kake ji kamar yaro, mijina ne. Ƙato ne, in ya yi gyaran murya har maƙwabta sun san ya dawo. Shekara tara da rasuwarsa. Wannan kaɗai ce muryarsa da ta rage a duniya, ga yadda suka mai da shi." Ta nuna kunnenta na hagu. "Na dama ya tafi. Likita ya ce wannan ma yana haɗa kaya."

Kunya ta kama ni, haushi ya biyo baya. Ni da ba ni da ko kalma ɗaya ta matata a ajiye, na san abin da ake nema a raba ta da shi. Na ce mata, "Iya, in Allah ya yarda za ki ji shi."

Na rubuta wa kamfanin. Suka amsa da ladabi mai yawa, wai haka suka sami kaset ɗin. Na je ɗakin ɗaukar waƙa na farko, aka yi mini dariya. A na biyu wani mai tabarau ya ce ai mutane a haka suke son faifan. Na ce masa mutane ba su auri mutumin ba. Na uku yana saman wani shagon ɗab'i, ɗaki ƙarami mai warin tawada. Injiniyan ya saurare ni har ƙarshe.

"Rage gudu ba wuya," in ji shi. "Amma zuwa ina? Ba ni da ma'auni."

"Ma'aunin na nan da ranta. Gobe zan kawo ta."

Washegari na bar wa abokin aikina motar, na je na ɗauko Iya. Matakala ashirin da biyu muka hau, tana hutawa, ina riƙe da jakarta. Injiniya ya ɗora mata abin sauraro a kunnen hagu, ya buɗe mana lasifika, ya fara murɗa maɓallin rage gudu a hankali.

"Ƙara, ɗan nan."

Ya ƙara.

"Ƙara. Kai, ka mai da shi bijimi! Koma kaɗan."

Sai ta ɗaga hannu. Siririyar muryar da na yi wata uku ina ƙauna ta ɓace, wata mai nauyi ta maye gurbinta, ba ta kai waccan zaƙi ba, kuma ba zan yi ƙarya ba, na ji zafin rashinta. Daga nan amshi ya shigo: muryar namiji, kakkaura, da ɗan dishi-dishi, ta cika ɗakin.

Iya ta rufe ido, tana buga yatsa a gwiwa. Can ta fashe da dariya, hawaye na bin kumatunta.

"Kun ji shi ko? Ya makara shiga. Shekara talatin ina yi masa faɗa a kan wannan." Ta share fuska da bayan hannu. "Ɗan nan, mai da shi baya. Bar shi ya sake makara."