Garwashin da Na Kai wa Hansatu

Jiya da dare mafarki ya ɗauke ni ya kai ni ƙasar duwatsun nan da 'yata Hansatu take karatun jinya. Na tsinci kaina a gindin dutse, riƙe da kaskon wuta. Tun da ta gaya mana a waya cewa sanyinsu ya kusa sauka hankalina bai kwanta ba, don rigar sanyin da na saya mata ba ta da kauri. So nake in kai mata garwashin kafin ya mutu.

Ofishin hasashen yanayi yana bakin hanya. Shugabar ofishin wata jar akuya ce mai tabarau, tana tuƙar guntun gajimare.

Na durƙusa na ce, "Ranki ya daɗe, yaushe dusar ƙanƙara za ta zo?"

Ta haɗiye, ta lashe baki. "Ɗanɗanon na gobe ne. Amma ai goben ta wuce tun da safe. Ba ku haɗu a hanya ba?"

"Ban lura ba."

"Masu 'ya'ya ba sa lura. A kwari za ta kai gwiwa, a kan tudu za ta kai Talata. Ka kula da wutarka, Malam."

Sai ga ni a tsakiyar dutsen. Na kifa faifai a kan kaskon, kamar yadda muke yi idan hadari ya haɗo. Ashe a can daga ƙasa ƙanƙarar take fitowa. Fara fat, shiru, tana tasowa ta tsakanin yatsun ƙafata tana tafiya sama. Ta gindi ta kama kaskon. Ina jin garwashin yana mutuwa, ni kuwa sai ƙara danne faifai nake yi. Wani bunsuru ya wuce zaune cikin lema a birkice, yana tuƙa ta kamar kwalekwale, ya ce, "Baƙo ne ko? Sannu."

Ɗakin Hansatu yana can ƙoli, ba bango, ƙofa kawai. Na yi sallama. Tana zaune a bakin gado, tsawonta na lokacin da aka yaye ta, muryar kuwa ta yanzu.

"Baba! Da silifa ka hawo?"

"Bar maganar silifa. Kina jin sanyi?"

"Ko kaɗan. Lafiyata ƙalau."

Amma hannayenta suna cikin hammata. Na san ta, tun tana ƙarama ba ta faɗin ciwo.

Na ɗaga faifan. Saura ƙwaya ɗaya, ba ta fi wake ba. Na duƙa ina hurawa, ita kuma ta zaro hannu a hankali tana miƙowa. Ja ya fara bayyana.

Garau! Murfin tukunya ya faɗi a tsakar gida. Na buɗe ido jiƙe da gumi, uwar Hansatu tana leƙowa ta labule.

"Malam, lafiya kake hura matashin kai?"

Na ƙara hurawa sau ɗaya, don ya kusa kamawa.