Shaidar Perlita

Tun da 'yan sanda suka tafi da Rosalinda, cinikin kifin yayarta Perlita ya mutu a kasuwarsu ta bakin teku, can gefen Cebu. Mata sukan wuce teburinta suna tsaki. Kowa ya san ita ta kai ƙara.

Aron tukunya ya kai ta gidan ƙanwar tata wata rana, ta tarar ƙofa a kulle. Da ta leƙa ta taga sai ta ga Jocelyn, 'yar Rosalinda mai shekara tara, an tsayar da ita gaban kwamfuta tana kuka, muryar wani Bature na ba da umarni daga ciki. Sauran abin da ta gani, jami'ai kaɗai ta faɗa wa.

An kama mutumin a ƙasarsu, Amurka, aka gurfanar da shi a kotun tarayya bisa laifin sayen hotunan lalata da yara. Aka nemi Perlita ta ba da shaida ta bidiyo daga wani ofis a cikin birni.

Da safiyar ranar, mahaifiyarta ta tare bakin ƙofa.

"Ina za ki da rigar coci?"

"Nanay, kin san inda za ni."

"Ƙanwarki na kurkuku, jikata na hannun gwamnati, bai ishe ki ba? Mutumin nan ko taɓa yarinyar bai yi ba, yana wata duniya."

"Ki je ki faɗa wa yarinyar haka."

"Da ma ke ba ki haihu ba, ina za ki san zafi."

Perlita ta raɓa ta gefenta ta fita.

A allon ofishin ta ga mutumin: tsoho mai tabarau da furfura, kai ka ce malamin makaranta. Lauyansa ya taso mata ta bakin tafinta.

"Ba kwa ga maciji da ƙanwarki tun kafin wannan, ko ba haka ba?"

"Haka ne."

"Ashe ƙiyayya ce ta kawo ki."

"Faɗanmu daban. Ka tambayi mutuminka me ya ce a yi wa yarinyar, ko ni in maimaita maka?"

Lauyan bai ce ta maimaita ba. Tsohon kuwa yana ta goge tabarau da bakin rigarsa.

Aka ɗaure shi shekara talatin. Ranar da labari ya iso, Dodong mai tuƙa keke ya ɗaga murya daga tasha: "Manang Perlita, yaushe za a ba ki bizar Amurkar?" 'Yan tasha suka kwashe da dariya. Ta ɗauki kan kifi ta jefe shi da shi, ta same shi a wuya.

Ranar Lahadi ta je gidan gwamnati da ake kula da yara, da wainar shinkafa a ganyen ayaba. Jocelyn ta zauna nesa da ita, ta yi ƙiba kaɗan, an aske mata gashi.

"Ke kika sa aka kama mamata?"

"Ni ce."

"Ba na cin abincinki."

"To, ki ba ƙawayenki."

Yarinyar ta tashi ta koma ciki. Ma'aikaciyar gidan ta ce ta yi haƙuri, haka sukan yi da farko, wasu ma har su girma. Perlita ta tambaye ta ko Jocelyn tana samun barci yanzu. Aka ce tana yi, ta kuma koma makaranta.

A watan da ya biyo ta kwashe teburinta zuwa kasuwar garin Mandaue, ta kama ɗaki a can.