Gona Ta Tuɓe, Haske Na Rawa

…ga shi ya sake faɗuwa. Koren layin nan mai nuna ƙarfin haske a fuskar kwamfuta, ya hau, ya faɗi, ya hau, kamar numfashin jakin da ya sha kaya. Siddiq na tsugune a rufin shagon Bappa, ƙanin babansa, a Maigatari. Kwano na gasa masa ƙafa, idonsa na kan tankin ruwan asibiti, can ƙetaren gonaki. Daga can hasken leza ke tahowa, siriri kamar zare, ɗauke da intanet. In ya iso ke nan.

Ya haƙura ya sauka? Wa? Shi?

Maganar Bappa ta ɗazu na nan a kunnensa: “Kai Siddiƙu, in la'asar ta yi tocilar nan taka ba ta daina ƙifta ido ba, ka kwance min ita. Litinin ka kama aikin da na samo maka a sakatariyar Gumel.” Tocila! Duk shekarun nan a Turai, sanyi na cin yatsu, wai tocila…

Ba saiti ba ne — ya duba, ya kuma dubawa. Iska ce. Iskar rana tsaka, tana tafasa, tana lanƙwasa haske yadda ta ga dama. Kawalwalniya. Yana yaro ya bi ta a guje a hanyar Gagarawa, Iya na dariya: “Ɗan nan, ruwan ƙarya kake kora?”

To amma ai ya gwada na'urar! Ta yi aiki sumul, har Bappa ya ga jikarsa ta Kano a waya, yana ta washe baki… Yaushe ne ma? Tsakiyar damina. Gero ya shanye mutum, ƙasa a lulluɓe, ga sanyi —

Yanzu fa? An yi girbi, an kwashe kara. Rairayi tsirara, sai huci yake. Ɗan manomi, jikan manomi, ya manta gona na tuɓewa! Kada kowa ya ji… A'a, su ji ma. Su yi ta dariya a majalisa: “Bature ya dawo.”

Ya zauna buga hatimi har furfura? Wallahi a'a.

Ido biyu. Na'urar karɓa biyu, a ɗan raba su, in iska ta kauce da haske daga wannan, waccan ta cafe. Haka marigayi Baba ke yi: gona a nan, gona a Sule Tankarkar, da wuya ruwa ya ƙi duka biyun… Amma na'urar karɓa ɗaya gare shi. Ta biyun da ya yi oda tana tashar jirgin ruwa, ko tana teku, ko…

Ladan na gyara murya. Tsani na motsi, hular Bappa na ɓullowa.

Siddiq ya janyo sufanar kwancewa, ya zauna a kanta, kada Bappa ya gan ta. Layin ya hau… ya hau… tsaya mana, don Allah, tsaya…

Damina kuwa da sauran nisa.