Jar Fitila a Ajin Malam Rediyo

Shekara ashirin da shida Malam Rediyo yana koyar da labarin ƙasa, kuma ba a banza yara suka laƙaba masa wannan suna ba. In ya buɗe baki, ƙararrawa ce kawai ke rufe shi, wani lokacin ma sai an buga ta sau biyu. Shi bai taɓa ganin laifin hakan ba. In malami bai yi magana ba, wa zai yi?

Kwatsam a farkon zangon nan sai aka kawo wa kowane aji kwamfutocin hannu guda takwas, da wata 'yar na'ura mai kama da gwangwanin madara da aka ɗora a kan teburin malami. Aikinta sauraro. In malami ke magana fitilarta ta yi ja, in ɗalibi ne ta yi kore. Da an tashi darasi ta aika wa hedikwata sakamako kai tsaye, ko shawara da kai ba ta yi.

"Yanzu ɗalibi ne a gaba, Malam," in ji Shugabar makaranta, wadda shi ya koyar da ita a wannan ajin tana 'yar mitsitsiya. "Kada maganarka ta wuce kashi arba'in cikin ɗari."

"Sauran sittin ɗin fa, ranki ya daɗe? Waɗannan ne za su yi, da ba su san gabas ba sai rana ta fito?"

Makon farko na'ura ta ba shi casa'in da uku. Mako na biyu saba'in da takwas, shi ma don mura ta shaƙe shi ne. Matarsa ta yi dariya har da hawaye, ta ce ita da ma a ara mata gwangwanin nan ta ajiye a falo.

Shi dai bai yi dariya ba, don takarda ta zo. In darasin ranar Alhamis ya haura arba'in, za a karɓe ajin ƙarshe a ba sabon malami, shi kuma a mai da shi ɗakin karatu ya riƙa buga wa littattafai hatimi. Yaran da ya yi rainonsu tun suna 'yan aji ɗaya, saura wata huɗu su zana jarrabawa! Ranar ko abinci ya kasa ci.

Ranar Alhamis ya shigo da shiri. Minti takwas cif ya yi bayani, ya kasa yara biyar-biyar, ya buɗe musu hoton yadda ƙasa take hawa-hawa da inda ruwa ke kwanciya a ƙarƙashinta. Sannan ya koma bango, ya harɗe hannu, ya ciji leɓe. Wata yarinya ta ce ai ruwan ƙarƙashin ƙasa cikin bututu yake tafiya. Kai! Saura kaɗan Malam ya fashe. Ya haɗiye, har wuyansa ya yi ƙara. Wasu suka yi wa yarinyar gardama, fitila kore shar, shi kuma yana ta zufa.

Can daga bencin baya wata murya ta ce, "Wannan hoton ba daidai ba ne."

Dogo ne. Sau biyu ya maimaita aji, har gemu ya fara tsiro masa, ga murya kamar daga cikin tulu. Ko amsa suna ya yi sai aji ya kwashe da dariya, shi ya sa shekara biyu ke nan ya kulle bakinsa.

Fitila ta yi ja.

Malam ya dubi na'ura, ya shafa bakinsa. A rufe yake. Ikon Allah!

Dogo ya miƙe, kansa a sunkuye. Ya ce babansa haƙar rijiya yake yi, shi kuma duk hutu shi ake zurawa da igiya. Ya ce bayan jar ƙasa ba dutse ake fara tararwa ba, yumɓu ne mai kama diga, sai wani yashi mai sanyi. Ya ce tun kafin ka ga ruwa za ka ji warin ramin ya canza, in kuma numfashi ya fara gagararka sai ka girgiza igiya sau biyu. Ba wanda ya yi dariya. Yarinyar bututun nan har ta juyo da kujerarta.

Fitila kuwa ja wur. Nan Malam ya gane: wannan shashashar na'ura duk murya mai kauri ta malami ce a wurinta. Ya dubi agogo, ya ƙirga mintunan da suka rage masa, ya ga saura kaɗan. Ya ɗaga hannu.

"To, Dogo, ya isa ha..."

Yaron ya tsaya cak. Ya fara lalubar bencinsa da hannu, yana komawa zaune a hankali. Kunya ta rufe Malam, irin wadda ya daɗe bai ji ba.

"Wa ya ce ka zauna? Ƙarƙashin yashin nan me ake samu? Ɗauki kwamfutar ka zana musu."

Minti goma sha huɗu Dogo ya yi. Na'ura ta aika hamsin da biyar.

"Wallahi minti takwas ne nawa!" Malam ya buga teburin Shugaba, abin da bai taɓa yi ba. "Haba jama'a! Rana ɗaya tak da na yi shiru a rayuwata!"

"Na yarda, Malam. Na ji ajin daga taga."

A gabansa ta rubuta wa hedikwata. Amsa ta zo kafin a tashi: a cike fom, kwamiti zai duba a zango mai zuwa, kafin nan hukunci na nan daram.

Litinin ta same shi a ɗakin karatu, tsakanin kantoci masu ƙura da wata fanka mai kuka. Yana buga hatimi yana tsaki, yana jiyo hayaniyar ajinsa ta bayan bango. Ranar Laraba da hutun tara wani ya tsaya a bakin ƙofa har ya tare haske.

"Kai kuma lafiya? Wane littafi?"

"Ba littafi ba, Malam." Dogo ya sosa ƙeya. "Sabon malam ya ce muryata na ɓata masa sakamako. Ya ce in ina da magana in riƙa rubutawa a kwamfuta."

Malam Rediyo ya ajiye hatimin. Ya buɗe baki, zagi ya taru masa fal, ya rasa wa zai fara yi wa. Sannan ya jawo kujera da ƙafa.

"Shigo ka turo ƙofar. Nan an hana surutu, amma ni ne mai hanawar. Zauna, ina jin ka."