Kujerar Dama da Mai Unguwa

Sau uku mota tana buge ni a mararrabar kasuwarmu ta bayan garin Tainan, sau uku ina tashi. Ta farko motar rake ce, ta biyu tasi, ta uku babbar motar tsakuwa wadda ta nannaɗe kekena kamar taliya. Likita ya ce ba zan ƙara taka feda ba. Likitan ya riga ni kwanta dama, ni kuwa ga ni, shekara saba'in da takwas, kullum ina kai ganye kasuwa a keke. Ban taɓa zama a aji ba, amma babu direban da bai san usur ɗin Kawu Tiong ba. Shi ya sa shekara ashirin ke nan, duk walimar da ake yi a ɗakin bautar unguwarmu ranar biyu ga wata na biyu, ni ke zama dama da mai unguwa, ni ake juyo wa kan kifin da ke faranti, alamar girmamawa.

Sai ga Malama Siok-hui. Bara ta ajiye koyarwa, ta sayi ɗan keke mai naɗewa, ta maƙala kyamara a hular kwano. Ba tsawa, ba usur. Ta ɗauki hoto ta tura wa 'yan sanda ta waya, takardar tara ta iske direba har gida. Cikin wata shida mutane suka fara cewa mararraba ta yi lafiya. Mararrabar da na zuba wa jinina! Ita ko ƙujewa ba ta taɓa yi ba.

Ina shan kunun shinkafa a rumfar A-kiau, mai unguwa Lim ya zauna yana ta sosa ƙeya.

"Kawu, bana dattawa na son a karrama wanda ya gyara mana titi. Ka san Malama ta kai ƙarar direba ɗari biyu."

"Ɗari biyu na masu babur! Ta taɓa kama motar tsakuwa?"

"Kai ka taɓa?" in ji A-kiau tana dariya. "Ita dai ta kama ka."

Na ce su ba ni mako biyu. Mai unguwa ya ce in na kawo motar tsakuwa, kujerata tana nan.

Na sayi kyamara wadda ta fi tata girma. Mai kanti ya ce dole kwanan wata ya fito a jikin hoton, bari ya saita mini. Na karɓe abina. Ba na karatu, amma lambobi ba su taɓa gagara ta ba. A gida na duba kalandar manoma da ke bango, mai bin lissafin tsayuwar wata, wadda da ita nake shuka, da ita nake kai turare kabarin iyayena, na danna kwanan wata daidai.

Kwana biyar ina gadi. A rana ta shida, da hantsi, motar tsakuwa ta keto jar wuta, wata tsohuwa na tsakiyar titi da kwandonta. Na sha gabanta da keke ina busa usur, direba ya taka birki har taya ta yi hayaƙi. Lambar motar ta fito tas. Wa zai iya wannan in ba ni ba?

Da kaina na kai ofishin 'yan sanda. Wata jami'a ta kalla, ta jinjina kai, sannan ta yamutsa fuska.

"Baba, hoton nan na ashirin da biyu ga wata na ɗaya ne."

"Yau ke nan."

"Yau biyu ga Maris. Kwana bakwai doka ta ba mai kai ƙara, naka ya nuna kwana arba'in."

"Ke yarinya, jeki ɗakin bauta ki tambayi yau nawa ga wata!"

"Baba, kotu ba ta aiki da kalandar ɗakin bauta."

Ina fitowa na yi kiciɓis da Malama tana naɗe kekenta. Ashe tana bayana lokacin da abin ya faru, nata hoton ya riga ya shiga hannun 'yan sanda tun kafin in iso.

"Yaya Tiong, ka fito da kyau a hotona," in ji ta. "Kawo in gyara maka kwanan watan."

"Nawa daidai yake. Na gwamnati ne ke gaggawa."

Ranar walima aka zaunar da ita dama da mai unguwa. Ni aka kai ni tebur na huɗu, kusa da masu wanke kwanuka. Aka haska hotonta a bango, kowa ya ga Kawu Tiong ya tare motar tsakuwa da keke, aka yi ta tafi, amma ita suke kallo suna tafin. Ta miƙe ta ce wai ni na ceci tsohuwar, ita riƙe kyamara kawai ta yi. Aka ƙara tafa mata, wai tana da sauƙin kai. Har yabona ma sai da ta ci ribarsa!

Washegari na iske ta a mararraba, na miƙa mata kyamarar ba tare da na dube ta ba. Ta danna sau uku ta dawo mini da ita.

"Ki tsaya can tsallake," na ce. "Wannan ɓangaren nawa ne."