Kaset ɗin Gwaji na Baba

Baba mai gyaran rediyo ne, kuma yana da wata ɗabi'a. Duk rikodar da ya gyara sai ya zura mata wani tsohon kaset, ya danna jan maɓalli, ya yi 'yar magana don ya tabbatar tana ɗaukar murya. Shagon a jikin falonmu yake, saboda haka da ya ɗaga yatsa sai gidan ya yi tsit. Ko tari ne ya taso maka sai ka haɗiye abinka.

Shekara goma sha tara da rasuwarsa na tsinci kaset ɗin a ƙasan akwatin kayan aikinsa, cikin sukurori da guntayen waya. Na kai aka juye mini shi a kwamfuta. Da na gaya wa Umma ta waya, sai ta ce, "Ka san na manta muryarsa? Fuskar tana nan. Muryar ce nake nema na rasa."

Ranar Asabar da hantsi muka haɗu a kiran bidiyo. Umma tana gidan Yaya, babbar yayarmu, ta matso kusa da waya har goshinta da tabarau kaɗai ake gani. Autanmu ya faka mota a gefen hanya. Ni kuwa, da yake ni ne ke koya wa kowa kwamfuta a gidan, na toshe kunnuwa da iyafis ina hura hanci. Na nuna musu allona, na ɗaga yatsa irin na Baba don wasa, na danna.

"Gwaji, gwaji. Ɗaya, biyu."

Na lumshe ido. Ga kukan tsohuwar fankar shago, ga ƙarar sukundireba da yake ajiyewa a kan tebur, har ƙaurin dalma na riƙa ji a hancina. Na yi dariya inda ya yi wa wata rikoda faɗa kamar tana jinsa. Daga baya na yi kuka, ban ɓoye ba.

Minti shida cur, sannan na buɗe ido. "To, kun ji?"

Auta ya sosa ƙeya. "Malamin kwamfuta, wallahi ko ƙis ba mu ji ba."

Ashe akwai wani ɗan akwati da ake dannawa don sautin kwamfuta ya tafi tare da hoto. Ni da nake tunatar da mutanen ofis wannan akwatin kullum, na tsallake shi. Ni kaɗai na sha muryar Baba, su kuma suna kallon wani layi yana rarrafe a allo, da ƙaton mutum yana sharɓar hawaye.

"Haba Yaya! Me ya hana ku yi mini magana?"

"Ai ka ɗaga yatsa," in ji ta.

Dukkanmu mun haura arba'in, ban da Auta, amma babu wanda abin ya zo wa a rai cewa an halatta magana. Muka yi dariya har Auta ya kifa kai a sitiyari. Umma ce kaɗai ba ta yi ba. Jira take.

Na danna akwatin, na mayar da kaset farko. Umma ta karkata kunne, ta haɗe gira. "Wannan shi ne? Muryar ta yi mini siririya." Na ji tsoron na kawo mata baƙo ne kawai.

Baba ya ci gaba da ƙirga. Can aka ji ya ja kujera baya, ya ɗaga murya zuwa cikin gida: "Maman yara! Zo ki ji yadda ta fito."

"Na'am, ga ni nan," in ji Umma, ta dafa hannun kujera za ta tashi.