Maiƙo a Bututu

Ruwan ya riga ya kai idon sawu sa'ad da Frau Ahlers ta sauko ɗakin ƙasa, inda mutanen gidan ke ajiye injinan wanki. Baƙi ƙirin, yana bulbulowa ta ramin magudana, ga wari. Ta ajiye bokiti biyu, ta tsaya tana kasa kunne wajen matakala.

Ita ta jawo abin, kuma da gangan. Tun da mijinta ya mutu, babu mai yi mata magana a gidan hayar nan na birnin Bremen, in ban da gaisuwar fatar baki. Sai fa ran da bututu ya toshe. Ran nan Herr Tietjen na hawa na biyu, tsohon direban jirgin ƙasa, zai sauko da takalmin roba har gwiwa, su wuni suna kwasar ruwa suna faɗa.

"Frau Ahlers, ke ce dai! Wannan soye-soyen naki sai ya kai mu ƙasa."

"Ji min mutum! Ganyen shayin da kake zubawa fa? Ko shi narkewa yake yi?"

Haka za su yi ta yi, amma bai taɓa saukowa ba tare da butar shayi da kofi biyu ba. Shi ya sa in kaɗaici ya ishe ta, sai ta tuttula maiƙon suya a wurin wanke-wanke, ta bi shi da ruwan sanyi, ta zauna jira.

Yau shiru. Ta buga bokiti da bango don ya ji, ta yi tarin ƙarya. Har rana ta take bai sauko ba. Ta hau sama da jiƙaƙƙun ƙafafu, ta tsaya a ƙofarsa, ta ɗaga hannu. Amma shekara da shekaru suna maƙwabtaka ba ta taɓa ganin cikin ɗakinsa ba, shi ma haka. A nan ba a buga wa mutum ƙofa haka siddan. Ta ce masa me? Ta yi kewarsa? Kunya ta kama ta, ta sauke hannun.

"To, ya yi zamansa," ta ce da ƙarfi, ta koma ƙasa.

Washegari mai kula da gidan ya kira mai gyaran famfo. Mutumin ya zura wayarsa a bututu, ya fito da maiƙo curi-curi yana girgiza kai.

"Kowa ya buɗe famfonsa in ga yadda ruwa ke wucewa," in ji shi.

Mai gyaran ne ya buga ƙofar Herr Tietjen, da dunƙulen hannu, babu wata kunya. Da aka ji shiru, mai kula da gidan ya kawo makulli.

Herr Tietjen yana kwance a bayan ƙofar, ƙafa ɗaya cikin takalmin roba, ɗayan takalmin a gefensa. Likitar da ta zo ta ce tun jiya da safe ciwo ya kayar da shi, amma rai bai fita ba sai wajen yamma.

"Yana ji?" Frau Ahlers ta tambaye ta. "In mutum ya yi magana a waje, zai ji?"

"Mai yiwuwa ne," in ji likitar. "Ke 'yar'uwarsa ce?"

"A'a. Maƙwabciya."

Kafin a yi jana'izar, mai gyaran famfo ya dawo ya sa wa magudanar murfin da ke hana ruwa dawowa. Ya kira ta ta gani, yana goge hannu yana murmushi.

"Shi ke nan, kin huta. Ko me aka zuba, ruwa ba zai sake hawowa nan ba."

Ta yi masa godiya. Da ya tafi, ta zauna a kan matakalar ƙarshe tana kallon daɓen, ya bushe ƙamas. Fitilar wurin irin mai kashe kanta ce in an jima ba a danna ba. Fitilar ta mutu. Frau Ahlers ba ta tashi ta danna ba.